Ranar zuma a wani gari kusa da Yankari: shekara uku kafin taron ya kankama

Garin da matsalarsa

Garin yana cikin ƙaramar hukumar Alkaleri a jihar Bauchi, kusa da hanyar da ta rabu da titin Gombe a Dindima ta miƙe zuwa Yankari. Noman dawa, gero, masara, gyaɗa, wake da riɗi ne ke riƙe da gidaje. Kiwon zuma kuwa sana'ar rani ce ta wasu magidanta, galibinsu gadonta suka yi. Amyarsu ta ciyawa ce: a saƙa ta da tsawo, a yaɓe ta da kashin shanu, a turara, a ɗaure a reshen ɗorawa ko kaɗanya. Ranar ɗiba da dare ake hawa, da damin kara mai ci da wuta. A kori ƙudan, a kwashe duk abin da hannu ya kai gare shi, saƙar zuma da ta 'ya'ya da ta garin fure, a matse a bokiti ɗaya.

Ƙudan zuman yankin irin na Afirka ta Yamma ne, waɗanda masana ke kira Apis mellifera adansonii. Suna da zafi wajen kare gidansu, suna bin mutum nesa, kuma in an matsa musu ko suka rasa ruwa da abinci sai su tashi baki ɗaya su bar amya wayam. Abincinsu na rani daga itatuwa yake. Rimi, kaɗanya da mangwaro suna fure cikin hunturu, ɗorawa da darbejiya su biyo baya wajen Fabrairu da Maris. Shi ya sa babbar ɗiba ke faɗowa daga ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Afrilu. Akwai ƙarama da kaka, wajen Oktoba da Nuwamba.

Zuma akwai ta, kasuwa ce ta gagara. 'Yan sari kan zo da jarkokinsu su yanka farashin da suka ga dama, su kai Muda Lawal ko Wunti a Bauchi, ko su wuce Gombe, su ɗura a tsofaffin gorunan ruwa. Mai saye a birni kuma ya riga ya sa a ransa cewa babu zumar da ba a haɗa da sukari ba, don haka ba ya yarda ya biya kuɗin mai kyau. Masu amya 23 suka kafa ƙungiya. A tsakaninsu suna da amyar ciyawa kusan 140, da akwatin Kenya 12, wato akwatin katako mai sanduna a sama wanda ake ɗaga saƙa ɗaya-ɗaya. Shawararsu ita ce a ware rana guda a shekara, a gayyato masu saye har garin, a nuna wa yara sana'ar, a ci a sha, a sayar ba tare da ɗan tsakiya ba.

Mayu 2022: taron farko

Wani malamin firamare a cikinsu ya kawo ranar. Ya ji a rediyo cewa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 20 ga Mayu a matsayin ranar ƙudan zuma. Haka ne kuwa: ƙasar Sulobeniya ce ta gabatar da buƙatar, aka amince a Disamba 2017, aka fara a 2018. An zaɓi ranar ne saboda ita ce ranar haihuwar Anton Janša, wani masanin kiwon zuma na ƙasar da aka haifa a 1734, kuma a Turai watan Mayu lokacin fure ne bayan sanyi ya wuce. A Alkaleri kuwa 20 ga Mayu bakin damina ne.

Yawancin 'yan ƙungiyar sun riga sun sayar da zumarsu ta Maris tun kafin ƙaramar Sallah. Don kada a zo taro hannu rabbana, sai suka sake hawa amya a mako na biyu na Mayu. Abin da suka samu jarka tara ce mai lita 20, wato lita 180, ruwa-ruwa, mafi yawanta daga saƙar da ƙudan ba su rufe ba. Aka matse da saƙar 'ya'ya kamar yadda aka saba.

Ranar ta faɗo Juma'a. Bayan an sauko daga masallaci aka taru a filin makaranta, mai gari ya zo, aka yi addu'a. Mutane ba su cika ba, domin da yawa hankalinsu na kan sharar gona da neman iri. Da la'asar hadari ya taso daga gabas, iska ta kwashe rumfa biyu, aka watse. Jarka huɗu aka sayar.

Sauran biyar ɗin aka ajiye a wani shago mai rufin kwano. Cikin mako uku suka kumbura. In an sassauta murfi sai iska ta fito da ƙara, kumfa ta biyo baya, wari mai tsami ya cika ɗakin. Biyu daga cikin waɗanda suka saya ranar taro suka bugo waya da irin wannan ƙorafi.

Dalilin a fili yake ga wanda ya san yadda zuma ke nuna. Ruwan furen da ƙudan ke kawowa yakan kai kashi 70 cikin 100 ruwa ne zalla, wani lokaci ma ya fi. Su ne ke fifita shi da fikafikansu har ruwan ya sauka wajen kashi 17 ko 18, sannan su toshe bakin ramukan saƙar da kaki. Ƙa'idar abinci ta duniya, Codex, ta ce kada ruwan zuma ya wuce kashi 20. Akwai yis a cikin kowace zuma, amma kaurinta ke hana shi motsi. Da ruwa ya yi yawa sai ya farka, ya riƙa cin zaƙin yana fitar da iska da barasa. Zumar Mayun nan abu uku ne suka taru a kanta: ba ta nuna ba, ruwan jikin 'ya'yan da aka matse ya shiga cikinta, sannan zuma tana jan danshin iska, ga shi an bar ta a buɗe a lokacin da iskar damina ta shigo.

Abin da ya faru a jarkokin nan bisa kuskure, wasu al'ummomin da gangan suke yin sa. A Habasha ana haɗa zuma da ruwa da wani tsiro mai suna gesho a bar su su tsima, shi ne abin shan da suke kira tej. A Turai ma giyar zuma tsohuwar aba ce, kuma bukukuwan zuma na can sukan haɗa da ita. A nan kuwa da aka kai maganar gaban liman, ya ce wadda ta juya har ta kai ga bugarwa ba a shan ta, ba a sayar da ita. Aka haƙa rami aka zuba lita 100, aka rufe da ƙasa don kada ƙudan su kwasa, tunda su ma tana ɓata musu ciki.

Asarar ba ta tsaya nan ba. Ɗibar Mayu ta kwashe abin da ƙudan suka tanada don makonnin farko na damina, lokacin da itatuwa sun gama fure, amfanin gona kuma bai fara ba. Kafin ƙarshen Yuli amya 34 sun tashi.

Yuni 2022 zuwa Fabrairu 2023: gyaran da aka gwada

An zauna an cimma abu uku. A mayar da taron zuwa watan Maris. A riƙa dafa duk zumar da ta yi ruwa-ruwa har ta yi kauri. A kuma nuna wa baƙi yadda akwatin Kenya ke aiki, da ƙudan a ciki, don su ga inda zumar ke fitowa.

Dafawar ta karɓu da sauri saboda da ido ana ganin aikinta: zumar da aka ɗora a wuta ba ta ƙara kumfa. Sai dai tukunya a kan murhu ba ta san iyaka ba. Cikin amya inda 'ya'ya suke, zafin yana tsayawa ne a wajen digiri 35, kuma masu sana'ar ba sa son zuma ta wuce digiri 40. Kaki yana narkewa a wajen digiri 62 zuwa 64, don haka duk zumar da aka dafa da saƙarta kakin ya narke a ciki, ta yi duhu, ta ɗauki ƙauri, ƙamshin furen ya gudu. Zafi kuma yana kashe sinadaran da ƙudan suka zuba mata, yana ƙara wani sinadari da ake kira HMF, wanda da shi ɗakunan gwaji ke gane zumar da aka dafa ko ta daɗe a zafi. Codex ta sa iyakarsa miligiram 40 a kilo, ta ɗaga zuwa 80 ga zumar ƙasashe masu zafi.

Maris 2023: taro na biyu

An sa shi a mako na biyu na Maris, don a riski masu sayen zumar azumi, wanda a shekarar ya kama ranar 23 ga wata. An fara da ƙarfe goma na safe a filin nan dai. Kowa ya jera zumarsa a roba da fanteka a buɗe don mai saye ya gani ya ɗanɗana.

A gefen filin akwai famfon burtsatse, kuma tun Fabrairu ƙudan ke zuwa shan ruwa a wurin, domin da zafin bazara ruwa suke ɗiba su sanyaya amya. Ɗaya ta samu fanteka, ta koma ta sanar da 'yan'uwanta. Kafin awa guda kowace roba ta yi baƙi. Masu zuwa kwasar zaƙi ba su cika harbi ba sai an taɓa su, to amma yara suka fara kai musu duka da takalma. Ƙudan da aka murƙushe, ko wadda ta yi harbi, tana fitar da wani wari mai kama da na ayaba, wanda ke kiran sauran zuwa faɗa. A cikin wannan hali ne, wajen sha ɗaya, aka buɗe akwatin Kenya da aka kawo bakin filin tun daren jiya. Ba a ɗaga sanda ta uku ba suka fito.

Mutum 14 suka sha harbi. Wata akuya da ke ɗaure a gindin darbejiya ta mutu, domin ba ta da halin gudu. Wani yaro fuskarsa ta kumbura, numfashinsa ya fara sarƙewa, aka ɗauke shi a babur zuwa asibiti. Allah ya sa ya tashi.

Cinikin da aka yi kafin a watse shi ma bai yi daɗi ba. Lokacin ƙarancin takardun naira ne, sabis ɗin waya kuma ba shi da ƙarfin da za a tura kuɗi. Dafaffiyar zumar masu saye suka shinshina suka ajiye. Wasu kuma sun kawo ragowar zumar kaka wadda ta daskare cikin hunturu ta yi tsaki-tsaki. Wani ɗan kasuwa daga Gombe ya lakato ta da yatsa, ya murza, ya girgiza kai. Mai ita, dattijo ne, ya ce, “Alhaji, sanyin hunturu ne ya kama ta, babu sukari ko ƙwaya.” Ya amsa, “Baba, ni na yarda da kai. Wanda zan sayar wa ne ba zai yarda da ni ba.”

Dattijon ne da gaskiya. Daskarewa ɗabi'ar zuma ce, musamman wadda gulukos, wani nau'in zaƙi na halitta, ya yi yawa a cikinta, kuma sanyi na hanzarta ta. In an sa kwalbar a ruwan ɗumi wanda hannu ke iya jurewa, za ta narke ta dawo yadda take. Amma ranar da ashana aka yi ta gardama: a tsoma kan ashana a zuma a ƙyasta, in ta kama wai mai kyau ce. Wannan gwaji, da na ɗiga zuma a kofin ruwa, kauri kawai suke nunawa. Sukarin da aka dafa ya yi kauri zai ci jarrabawar, zuma ta gaskiya mai ɗan ruwa ta faɗi. Batun cewa tururuwa ba ta shan zuma mai kyau kuwa, duk mai amya ya san tururuwa na cikin manyan abokan gabansa.

Bayan wannan rana mai gari ya ce ba za a sake taro a filin makaranta ba sai an kawo masa tsari a rubuce.

Oktoba 2023 zuwa Maris 2024: aikin ya koma gindin amya

Ƙungiyar ta nemi wani malamin gona da ya san kiwon zuma, aka kafa kwamitin mutum biyar. Abu na farko da suka yanke shi ne raba ranar ɗiba da ranar taro. Za a ɗebi zuma lokacin da ta nuna, a tace, a rufe, taro ya zo daga baya. Azumin 2024 zai kama wajen 11 ga Maris, ba kuma a taron ɗanɗano da rana cikin azumi, don haka aka sa taron bayan Sallah.

Tun Janairu kowa ya ajiye wa ƙudansa ruwa: kasko ko rabin jarka a inuwa, taku ashirin zuwa talatin daga amya, da duwatsu da guntayen kara a ciki don su samu wurin sauka kada su nutse. Kullum da safe a ƙara. Dole a fara da wuri, domin in suka saba da famfo ko bakin rijiya, da wuya a janye su.

An sake duba akwatunan Kenya. Bakwai daga cikinsu kafinta ya yanka sandunan da faɗin da ya wuce ƙima, ƙudan suka gina saƙa a gicciye, ba a iya ɗaga ɗaya sai an fasa uku. Ga ƙudan Afirka faɗin sanda milimita 32 ne. Aka sake yanka su, aka zana layin narkakken kaki a tsakiyar kowace don su bi. Amyar ciyawa kuma ba a yar da ita ba, murfi aka yi mata ta baya. Ƙudan suna ajiye 'ya'ya kusa da ƙofa, zuma kuma can ciki, don haka mai buɗewa ta baya zuma zai fara tararwa, ba sai ya ratsa ta kan 'ya'ya ba.

Tela ya ɗinka rigunan kariya huɗu da yadi mai kauri mai haske, da malafa da aka zagaye da gidan sauro, ana karɓa-karɓa. Maƙeri ya yi gwangwanin hayaki mai zugazugi. Abin ƙonawa busasshen kashin shanu ne ko totuwar masara. Hayakin ya zama fari mai sanyi, a busa sau uku ko huɗu a ƙofa, a jira minti biyu. An hana damin wuta kwata-kwata, domin yana kashe ƙudan, yana zuba toka a zuma, ga kuma gobarar daji a yankin da ke maƙwabtaka da gandun Yankari.

An yi ɗiba daga makon ƙarshe na Fabrairu zuwa tsakiyar Maris, da yamma liƙis. Da azumi ya shigo aka koma bayan shan ruwa, da tocila da aka rufe bakinta da jan ƙyalle, saboda ƙudan zuma ba sa ganin ja sosai, ba sa bin hasken. Kowa da bokiti biyu masu murfi. Na farko na saƙar da aka rufe aƙalla kashi uku cikin huɗu. Na biyu na wadda ba ta kai ba, wannan ta gida ce, a shanye ta cikin mako. In ana shakka, a riƙe saƙar a kwance a girgiza sau ɗaya: in ta ɗiga, ba ta nuna ba. Saƙar 'ya'ya ba a taɓa ta, kuma a bar musu saƙar zuma biyu a kusa da ita.

Tacewa a ɗaki ɗaya aka yi ta, gaban 'yan kwamiti biyu. Bokitan na roba ne sababbi, an wanke su tun jiya sun bushe ƙarau a rana. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur, manja ko maganin feshi ba ta shiga ɗakin. A farfasa saƙar da ludayin katako, a zuba a farin yadi ninki biyu da aka ɗaure a bakin bokiti, a rufe, ta kwana tana tsiyaya da kanta. Da zafin Maris ba ta buƙatar wuta. Sai a bar ta kwana uku a rufe, kumfa da ɓurɓushin kaki su taso, a kwashe da cokali.

Ƙungiyar ta sayi na'urar auna ruwan zuma, rifraktomita, ƙarama ce da ake riƙewa a hannu. A ɗiga zuma a kan gilashinta, a rufe, a leƙa ta wajen haske a karanta. Suka sa wa kansu iyakar kashi 19, ƙasa da ta Codex, don a samu rata. Lita 310 aka kawo. Lita 265 ta wuce, lita 45 ta koma gidajen masu ita. Nan aka yi rigima mafi zafi a duk shekarun ukun, har mutum biyar suka fice daga ƙungiyar.

Wadda ta wuce aka ɗura a sababbin robobi na rabin lita da na lita ɗaya. Lita ɗaya ta nunanniyar zuma tana kai kusan kilo 1.4, don haka sikeli ma shaida ne. Kowace roba da takarda a jiki: lambar mai amya, ranar ɗiba, adadin ruwa. Haka aka rubuta a littafi. Aka ajiye su a ɗakin ƙasa mai rufin azara, a kan katako, nesa da kwano.

Tuƙar saƙar da a da ake zubarwa aka wanke, aka narkar cikin ruwa a tukunyar alminiyom a kan wuta kaɗan, aka tace da buhu, aka bar ta ta huce. Tukunyar baƙin ƙarfe tana baƙanta kaki. Aka samu kilo 29.

Afrilu 2024: taro na uku

An yi Sallah ranar 10 ga Afrilu, taron ya zo bayan kwana goma. Lokaci ne da fure ya ja baya, zafi ya kai maƙura, wato lokacin da ƙudan suka fi kwaɗayin zaƙi. An fara da ƙarfe huɗu da rabi, bayan la'asar, aka tashi da kiran magariba. Wani alaramma ya buɗe da ayoyi na 68 da 69 na Suratun Nahli.

Jawabai da wasannin yara a fili aka yi, amma ko ɗigon zuma bai fito waje ba. Ciniki da ɗanɗano a cikin aji biyu ne, an rufe tagoginsu da gidan sauro, ƙofa da labule biyu. Ɗanɗano da tsinke: a lakata sau ɗaya, a jefa a bokitin ruwa mai murfi. A bakin ƙofa akwai buta da sabulu, kowa ya wanke hannu kafin ya fita. Ba a kawo amya mai rai ba. An ajiye amyar ciyawa da akwatin Kenya babu kowa a ciki, yara suna ɗaga sanduna, ga kuma saƙa ɗaya rufaffiya a cikin akwatin gilashi.

Abin da ya fi tara jama'a shi ne teburin tsakiya. An yanka rufaffiyar saƙa a gaban masu saye, aka matse a yadi, aka ɗiga a na'ura, kowa ya sa ido ya karanta. Sannan aka ce wani baƙo ya zaɓi duk robar da ya ga dama a cikin jeri, aka buɗe, aka auna, aka duba littafi, adadin ya yi daidai. A gefe kuma ga kwalbar daskararriyar zuma a cikin kwanon ruwan ɗumi tana narkewa a hankali. 'Yan kwamitin sun faɗa wa mutane a fili cewa na'urar ruwa kawai take aunawa, ba ta gane sukari. Shaidar rashin sukari ita ce an tace a gaban mutane, kuma lambar da ke jikin roba tana kaiwa ga mutum ɗaya da kowa ya san gidansa.

Matan garin suka yi abin sha: lita ɗaya ta zuma a ruwa lita tara, da jiƙaƙƙiyar tsamiya da citta, a cikin kula da ƙanƙara. Da azahar aka haɗa, aka kuma ƙayyade yawansa yadda zai ƙare a ranar, domin zumar da aka tsinka da ruwa haka, a wannan zafi, kwana ɗaya ko biyu ya ishe ta ta fara juyawa. Shi ma a cikin aji aka sha.

Ma'aikacin lafiya ya zauna da allurar adirenalin, mota na tsaye a bakin makaranta. Ya yi bayani gajere: in an harbe ka, ka kankare ƙarin nan take da farce, ka bar wurin. In fuska ko maƙogwaro ya kumbura, ko numfashi ya yi wuya, asibiti kai tsaye. Ya kuma ja kunnen iyaye mata kada a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma ko kaɗan, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar cutar botulizim wadda hanjin jariri bai iya kare kansa daga gare ta ba. Wannan magana ta jawo tambayoyi fiye da kowace, domin a gidaje da yawa ana lasa wa jariri zuma. An kuma kira mai POS ya zauna a inda sabis ke kamawa.

Mutum biyu aka harba, duka a wajen famfo. An sayar da lita 220 a ranar, a farashin da ya kusa ninka na 'yan sari, sauran ta ƙare cikin mako biyu. Wani mai haɗa man shafawa daga Bauchi ya kwashe kakin gaba ɗaya. Babu robar da aka dawo da ita. Da daminar ta wuce aka ƙirga amya tara da suka tashi.

Abin da ya yi aiki da dalilinsa

A ganinmu, raba ranar ɗiba da ranar taro shi ne ya fi komai tasiri. A 2022 kalanda ce ta tura mutane kan bishiya, suka kwaso abin da bai nuna ba. Zumar da ruwanta bai wuce kashi 19 ba, a rufe, a ɗaki mai sanyi, tana jiran watanni ba ta canza ba, don haka taron na iya kauce wa azumi, zaɓe ko aikin gona ba tare da ya taɓa amya ba. Dafawa kuwa ta magance kumfa ta kashe kasuwa, kuma da an ci gaba da ita da ba a taɓa gyara ɗibar ba.

Na'urar ta yi amfani, amma ba don ta fi idon tsofaffin masu amya ba. Yawancinsu da girgiza saƙa suna gane nunanniya. Amfaninta shi ne ta ɗauke wa 'yan kwamiti nauyin cewa ɗan'uwa ko suruki zumarsa ba ta kai ba. Duk da haka ficewar mutum biyar asara ce da za a iya rage ta, da tun farko an tanadi hanyar sayar da zuma mai daraja ta biyu ga masu shayi da masu kunu da za su ƙarar da ita cikin kwanaki. Raguwar tashin amya daga 34 zuwa tara ba za a jingina ta ga abu ɗaya ba: an daina wuta, an bar 'ya'ya da abinci, an ba da ruwa, kuma damina ba ta zama ɗaya kowace shekara.

Akwai abin da taron bai taɓa ba. Manyan shaguna a Bauchi da Gombe suna tambayar lambar NAFDAC, ɗakin tacewar kuma bai kai matsayin da za a nema ba. Feshin wake da rana tsaka, lokacin da yake fure, yana kashe ƙudan da ke kiwo, masu gawayi kuma suna sare kaɗanya da ɗorawa. Kwamitin ya kai wa mai gari buƙatu biyu a rubuce: manoma su mayar da feshi zuwa yamma liƙis, su kuma sanar da masu amya kwana ɗaya kafin su yi, sannan a sa tara a kan sare itacen da aka ɗaure wa amya. Ya amince da ta biyu nan take. Ta farko ya ce sai an zauna da sarkin noma.